Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar "Charge" da Yadda Ake Amfani da Ita

Da wuya mazaunin Abuja ya wuni bai ci karo da kalmar Turanci ta "charge" ba, ko da kuwa bai buɗe littafi ko ɗaya ba. Tana cikin saƙon da banki ke turo masa bayan ya aika kuɗi, tana cikin takardar da dillalin gida ya miƙa masa a Gwarinpa ko Kubwa, tana kan fuskar wayarsa idan batir ya yi ƙasa, tana kuma cikin kanun labaran da masu sayar da jarida ke shimfiɗawa a Area 1 duk lokacin da aka gurfanar da wani babba a gaban kotu. Hausa ta daɗe da aron kalmar har muka mayar da ita "caji", kuma wannan sabo shi ne yake yaudarar mutane da yawa, domin suna ɗauka sun riga sun san ta ciki da bai. Alhali abin da muka aro wani yanki ne kawai na aikin da take yi a Turanci, kuma akwai wuraren da cajinmu ya kama wata hanya dabam da ta Turawa.

Idan ka buɗe babban ƙamus za ka tarar an jero mata ma'anoni masu yawa, kuma a ganina ɓata lokaci ne mutum ya zauna yana haddace su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne ka riƙe ma'ana guda wadda sauran suka tsiro daga jikinta, sannan ka koyi duba ƙaramar kalmar da ke maƙwabtaka da ita a cikin jimla, domin ita ce take nuna maka ko maganar kuɗi ake yi, ko ta kotu, ko ta shugabanci.

Mataki na farko: ka riƙe tushen kalmar

Turanci ya karɓi wannan kalma daga tsohon Faransanci a wajejen ƙarni na 13, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga harshen Latin, inda "carricare" ke nufin yi wa amalanke lodi, "carrus" kuwa shi ne amalanken kansa. Daga wannan tushe ne kalmomin "car" da "carry" da "cargo" suka fito. Ma'anarta ta fari ke nan ita ce ɗora kaya.

Bahaushe ya yi sa'a a nan, domin kalmarmu ta "ɗora" ta yi irin wannan yaɗo. Muna ɗora wa jaki kaya, muna ɗora wa mutum haraji, muna ɗora masa laifi, muna kuma ɗora masa nauyin kula da iyali. Saboda haka duk inda ka ga "charge", tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: mene ne aka ɗora, kuma wa aka ɗora wa? Amsar ba ta cika wuce ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ba, wato kuɗi, ko laifi, ko nauyin wani aiki, ko wutar lantarki. Ma'anar lantarki ita ce auta a cikinsu, domin sai a ƙarni na 18 ta bayyana, lokacin da masu bincike irin su Benjamin Franklin na Amurka suke gwajin tara wuta a cikin kwalba. Kafin nan kalmar ta daɗe tana nufin ɗura wa bindiga albarushi, don haka ɗura wa kwalba wuta bai zama baƙon abu a kunnen masu harshen ba.

Mataki na biyu: ka gyara furucinta

Gaɓa ɗaya ce tak. Tana farawa da sautin "c" irin na "ciki", sai dogon wasali "aa", sannan ta ƙare da "j" ba tare da wani wasali a bayansa ba. Yawancin mutanen Ingila ba sa furta "r" ɗin da ke tsakiya, Amurkawa kuwa suna furta shi, kuma duka biyun daidai ne. Mu ne muka ƙara mata "i" a ƙarshe saboda harshenmu bai saba rufe kalma da irin wannan baƙi ba. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne "charged", wadda ita ma gaɓa ɗaya ce, kamar "caajd", ba "caajed" ba. "Charges" kuwa gaɓa biyu ce, "caajiz". Ka kuma lura cewa siffarta ɗaya ko tana matsayin suna ko tana matsayin aikatau, sai wurin zamanta a jimla ne zai bambanta maka.

Mataki na uku: idan ka ga "for", maganar kuɗi ce

Wannan ita ce ma'anar da za ka fi buƙata a kasuwa da ofis. Tsarin jimlar a jere yake: mai karɓar kuɗi, sai "charge", sai mai biya, sai adadin kuɗin, sai "for", sannan abin da aka biya dominsa. Wanda ya kai ɗinki kasuwar Wuse zai ce, "The tailor charged me eight thousand naira for the kaftan", wato tela ya caje ni naira dubu takwas kuɗin ɗinkin kaftani. Ana iya zubar da wasu sassan jimlar ba tare da ta lalace ba. Idan kana son sanin ko za a karɓi kuɗin kai maka kaya Lugbe, ka ce, "Do you charge for delivery to Lugbe?" Idan adadin kake nema, ka ce, "How much do you charge?" Baƙon da ya ci abinci a otal ɗin da ya sauka kuwa yakan ce, "Charge it to my room", ma'ana a rubuta a lissafin ɗakinsa, zai biya gaba ɗaya ranar tafiya.

Dole a nan ka raba ta da 'yan uwanta, domin Hausa da kalmar "kuɗi" kaɗai take rufe su duka: kuɗin mota, kuɗin makaranta, kuɗin haya, kuɗin aiki. Turanci ya ba kowanne sunansa. Farashin kayan da ake sayarwa shi ne "price". Kuɗin motar da za ka biya daga Berger zuwa Nyanya shi ne "fare". Kuɗin makaranta da na lauya da na likita "fee" ne, na haya "rent", tara kuwa "fine". Ita "charge" ta fi zama a kan kuɗin wata hidima da aka yi maka, ko wani ƙari da aka ɗora a kan asalin kuɗi. Sannan akwai bambanci tsakaninta da "cost" wanda ɗalibai ke yawan rikitawa: mutum ko kamfani ne yake "charge", kaya kuwa su ne suke "cost". Za ka ce "The shoes cost ten thousand naira", ko ka ce "The trader charged ten thousand naira for the shoes", amma ba za ka ce takalmi ya yi "charge" ɗinka ba.

Babu inda sanin wannan bambanci yake tsare wa mutum aljihunsa kamar wurin kama haya a Abuja. Ka ɗauka dillali ya miƙo maka takarda mai layi biyar: "rent", "agency fee", "legal fee", "caution deposit", sannan "service charge". Na farko kuɗin haya ne, na biyu la'adar dillali, na uku kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, na huɗu kuwa ajiya ce da ya kamata a mayar maka ranar da ka tashi idan ba ka lalata komai ba. Na biyar ɗin shi ne kuɗin hidimomin da mazauna unguwa ko gidan suke tarayya a kansu, kamar gadi da kwashe shara da ruwa da share haraba, wani lokaci har da man janareta, kuma ba a mayar da shi. Da yake babu wani ƙayyadadden jerin abubuwan da sunan ya ƙunsa, kada ka ji nauyin tambaya. Idan mai gidan Bahaushe ne, sai ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin hidima har da man janareta a ciki, ko shi dabam ake biya?" Idan da Turanci za a yi, tambayoyi biyu sun wadatar: "What does the service charge cover?" da kuma "Is it charged monthly or yearly?" Ka nemi a rubuta amsar a cikin yarjejeniyar kafin ka sa hannu.

Za ka sake ganin "service charge" a ƙasan rasit ɗin wasu otal-otal da gidajen abinci, kusa da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairu na 2020. Abubuwa biyu ne dabam, domin harajin na gwamnati ne, kuɗin hidimar kuwa na masu wurin ne. A banki kuma kalmar ta fi zuwa da jam'i, "bank charges", wato 'yan kuɗaɗen da ake cira saboda saƙon waya, ko kula da asusu, ko tura kuɗi, irin naira 6.98 da bankuna suka riƙa cira a baya, daga 2021, kan mu'amalar banki ta lambobin USSD da ake dannawa a waya. Waɗanda suka daɗe suna biyan kuɗin wuta za su tuna da "fixed charge", kuɗin da ake biya duk wata ko an sha wuta ko ba a sha ba, wanda hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta soke a 2016.

Abin da yake kyauta kuwa ana cewa "free of charge", ko "at no extra charge" idan ana nufin ba za a ƙara komai a kan abin da ka riga ka biya ba. Kada ka ce "for free of charge", domin haɗa salo biyu ne a wuri ɗaya; ka zaɓi "for free" a hira, ko "free of charge" a rubutu.

Mataki na huɗu: idan ka ga "with" da sunan laifi, maganar kotu ce

A nan ne kuskure ya fi tsada, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ka duba waɗannan jimloli biyu: "He was charged for the damage" da "He was charged with causing damage". Ta farko tana nufin an sa shi ya biya kuɗin ɓarnar da aka yi. Ta biyu tana nufin hukuma ta tuhume shi da laifin yin ɓarna. Idan aka kira ka daga Mararaba aka karanta maka ta farko game da ƙaninka, kuɗi za ka nema. Idan ta biyu ce, lauya za ka nema. Ƙaramar kalma guda ce ta raba su. Gaskiya ne za ka riƙa ganin "charged for theft" a wasu jaridunmu, har ta kusa zama jiki, amma a jarrabawa da rubutun ofis "charged with theft" ake karɓa.

Abu na biyu shi ne ka san matsayin kalmar a cikin jerin matakan shari'a, domin kowane mataki da kalmarsa da kuma ƙaramar kalmar da ke raka ta. Ana kama mutum, "arrested for". Ana zarginsa, "accused of", kuma kowa yana iya zargin kowa ko a bakin titi. Amma "charged with" aikin hukuma ne, wato an rubuta tuhuma a kansa bisa doka domin ya amsa a gaban alƙali. Ranar da aka tsayar da shi a kotu aka karanta masa tuhumar shi ne "arraigned", abin da gidajen rediyo ke kira gurfanarwa. Idan an same shi da laifi, "convicted of"; hukuncin da aka yanke masa, "sentenced to"; idan an wanke shi, "acquitted of". Saboda haka duk wanda ya fassara "charged" da cewa an kama mutum da laifi ya zalunce shi, domin sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu yaɗa labarai a Facebook da WhatsApp, waɗanda sau da yawa kan labari kaɗai suke karantawa.

Akwai haƙƙoƙi biyu da suke rataye da wannan kalma waɗanda ya kamata kowa ya sani. Sashe na 36(6) ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifin dalla-dalla a cikin harshen da yake fahimta, kuma a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da kotu ke amfani da shi. Ke nan Bahaushen da aka karanta wa "charge" da Turanci a kotun majistare ta Wuse yana da ikon ya ce bai gane ba, a fassara masa, kafin ya amsa. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan babu, sai dai in kotu ta ga dalilin ƙarin lokaci, kuma akwai togaciya a kan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda ake kira ACJA, ita ce take tsara yadda ake rubuta tuhuma a kotunan Abuja da na tarayya.

A matsayin suna, kalmar tana tafiya da wasu aikatau da ya kamata ka riƙe su tare da ita. "To face charges" shi ne fuskantar tuhuma, "to bring charges" ko "to press charges" shi ne shigar da ita, "to drop the charges" janye ta, "to deny the charge" kuwa musanta ta. Takardar da aka rubuta tuhumar a kai ita ce "charge sheet". Idan ka karanta cewa an gurfanar da wani "on a five-count charge", ana nufin takardar tana ɗauke da tuhume-tuhume biyar, kuma kowanne sai ya amsa shi dabam. "Trumped-up charges" kuwa tuhumar ƙage ce, kalmar da 'yan siyasa ke yawan kamawa idan abin ya zo kansu. Daga wannan ma'ana ce dattawanmu suka sami "caji ofis", wato sashen ofishin 'yan sanda da ake rubuta tuhuma, har sunan ya game ofishin baki ɗaya. Salon nan na "charged to court" da muke ji kullum, na Turancin Najeriya ne. Kowa a nan zai gane shi, amma idan rubutunka zai fita waje, ka ce "charged and taken to court" ko "arraigned".

Mataki na biyar: ka bambanta tuhuma da ɗora nauyi

Wani abin da ke rikita mai koyo shi ne "charged with" ɗin nan dai tana da wata ma'ana wadda ba ta da alaƙa da laifi. "The contractor was charged with fraud" tuhuma ce. Amma "The commission is charged with investigating fraud" tana nufin an ɗora wa hukumar nauyin binciken zamba. Hanyar rabewa ita ce ka dubi abin da ya biyo bayan "with": idan laifi ne, tuhuma ce, idan kuwa aiki ne na halal, nauyi ne aka ɗora. Haka za ka karanta cewa hukumar INEC "is charged with conducting elections", kuma ba wanda yake tuhumarta da komai a cikin wannan jimla.

Jaridun Najeriya suna da wani salo da suke matuƙar so, irin "Minister charges youths to shun drugs". Ba cajin kuɗi ba ne kuma ba tuhuma ba ce. Ministan ya hori matasa ne, ko ya yi kira gare su, da su guji shaye-shaye. Alamarta ita ce "to" da aikatau a bayan waɗanda aka yi wa horon. Tsohon salo ne mai nauyi wanda ya dace da jawabi da kan labari, amma zai yi banbaraƙwai idan ka yi wa abokinka shi a hira.

Wadda za ka fi amfani da ita kullum ita ce "in charge of", wato mai kula da abu ko shugabansa. Wanda ya je Sakatariyar Tarayya bin takardun fansho zai iya cewa, "Good morning, sir. Please, who is in charge of pension files?" Ka lura da gaisuwar da kuma ambaton abin da ake nema, domin "Who is in charge here?" tsurarta takan fito kamar ta mai neman rigima, kuma ma'aikacin da ya ji haka ba lallai ya yi maka saurin da kake so ba. Idan an naɗa mutum sai a ce "She was put in charge of the store", idan kuwa shi ya tashi ya karɓi ragama sai a ce "He took charge".

Sai dai ka yi hattara da "the", domin shigowarta tana juya maganar gaba ɗaya. "The teacher is in charge of the children" tana nufin malami ne yake kula da yara. "The children are in the charge of the teacher" ita ma haka take nufi, an dai fara da yaran ne, wato suna hannun malami. Amma idan ka zubar da "the" ka ce "The children are in charge of the teacher", ka mayar da yara su ne shugabannin malaminsu. Kalmomi biyu ne kuma, "in charge", ba a haɗe su a rubutu. A ƙananan asibitocinmu ana kiran shugaban wurin "the in-charge", kuma an saba da hakan, amma a wasiƙa ka rubuta "the officer in charge" ko "the nurse in charge".

Da yake Abuja gari ne na ofisoshin jakadanci, za ka riƙa cin karo da "chargé d'affaires". Wannan Faransanci ne tsantsa, ana fara furta shi da sautin "sh", kuma yana nufin jami'in da ke riƙe da ofishin jakadanci idan babu jakada. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta ambaci muƙamin.

Mataki na shida: waya da farmaki

Ma'anar waya kowa ya san ta, gyara kaɗan kawai take buƙata. Ana cewa "I want to charge my phone", da "The phone is charging", da "It is fully charged". Wanda ya kai waya gyara Banex saboda batir ba ya riƙe caji zai ce, "The battery doesn't hold a charge". Abin da za ka guje wa shi ne ɗauko "cajina ya ƙare" kai tsaye ka ce "my charge has finished". Masu harshen batir suke ambata, su ce "My battery is low", ko "My battery is dead". Caja ita ce "charger". "Recharge" kuwa asalinta sake cika batir, amma a Najeriya ta zama saka kati a waya, abin da mutanen Ingila ke kira "top up".

Akwai kuma ma'ana ta biyar da ta ɗan yi nisa da sauran, wato afka wa abu a guje. Idan sa ya tsinke igiya a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ya yi kan mutane, sai a ce "The bull charged at the crowd". Sukuwar da mahaya ke yi zuwa gaban sarki lokacin jafi a hawan Sallah, da wannan kalma ake bayyana ta da Turanci. Alamarta ita ce "at" ko "into" ko "towards", kuma babu kuɗi ko laifi a kusa.

Mataki na bakwai: ka san inda cajin Hausa ya rabu da na Turanci

Muna cewa 'yan sanda sun caje mota a shingen bincike, ko an caje aljihun wani. Turanci ba ya amfani da "charge" a wannan ma'ana ko kaɗan. "Search" ake cewa. Wanda ya rubuta "The police charged my car" yana nufin an bincike motarsa, mai karatu zai ɗauka ko dai an sa wa motar wuta a batir, ko kuma jimlar ta karye. Mafi muni, wanda ya ce "They charged me at the checkpoint" yana nufin an laluba jikinsa, za a fahimci cewa an karɓi kuɗi a hannunsa ko an tuhume shi, kuma wannan magana ce mai nauyi idan ta shiga takardar ƙorafi. Haka nan idan muka ce kan mutum ya ɗau caji, ba a mayar da shi Turanci da wannan kalma. Sai dai a ce ransa ya ɓaci ko ya rikice da kalmomin da suka dace. Abin da ya ɗan yi kusa shi ne "a charged atmosphere", wanda ake faɗa game da taro ko wurin da zukata suka yi zafi, ba game da mutum guda ba.

Daga cikin kalmomin da aka gina a kanta, "overcharge" ita ce karɓar fiye da ƙima, "surcharge" ƙarin kuɗi a kan wanda aka saba, "discharge" kuwa sauke abin da aka ɗora, shi ya sa take nufin sallamar majiyyaci daga asibiti, da sauke kaya daga jirgi, da zubewar cajin batir. A kotu tana buƙatar kulawa: "discharged" kaɗai sallama ce wadda ba lallai ta hana a sake gurfanar da mutum ba, amma "discharged and acquitted" sallama ce tare da wankewa, kuma sashe na 36(9) ya hana a sake yi wa wanda aka wanke shari'a a kan laifin, sai da umarnin kotun da ke sama.

Mataki na takwas: ka gwada kanka da takardun da ke hannunka

Ka sami ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford ko Longman ko Cambridge, ka buɗe kalmar, ka mai da hankali kan tsarin da suke rubutawa kafin misalai. "Sb" yana nufin mutum, "sth" yana nufin abu, don haka "charge sb for sth" da "charge sb with sth" su ne ƙa'idojin da aka yi bayani a sama a taƙaice. Daga nan ka tattara abin da ke kusa da kai, kamar saƙonnin banki da yarjejeniyar haya da shafin farko na jarida, ka ja layi a ƙarƙashin kowace "charge" tare da ƙaramar kalmar da ke biye da ita, ka rubuta a gefe abin da aka ɗora da wanda aka ɗora wa. Bayan haka ka rubuta jimlolinka game da harkarka ta yau da kullum, domin wadda ka gina da kanka ta fi zama a kai fiye da wadda ka kwafa.

Ga jimla guda da za ka auna kanka da ita: "The officer in charge was charged with charging patients for drugs that were free of charge." Ta farko tana tare da "in", don haka jami'in da ke kula da wurin ake nufi. Ta biyu tana tare da "with", kuma abin da ya biyo baya laifi ne, don haka tuhuma ce. Ta uku tana da mai biya da kuma "for", wato karɓar kuɗi. Ta huɗu tana cikin "free of", wato kyauta. Da Hausa sai a ce an tuhumi jami'in da ke kula da wurin da karɓar kuɗi a hannun marasa lafiya kan magungunan da aka tanada kyauta. Ka lura cewa a fassarar ba a yi amfani da "caji" ko sau ɗaya ba, kuma jimlar ba ta ce an same shi da laifin ba.